Tofi a Kwalbar Haske

Sau ɗaya aka yi wa A'ishatu aiki a Damagaram, aka cire mata ƙullutun sankara a mama, kafin shekara ta zagayo abin ya dawo. Lokotoron da ya yi aikin bai ɓoye wa mijinta Lawwali komai ba. Ya ce naman ciwo da lafiyayye kala ɗaya ne a ido, ya bar saura bai sani ba.

Amma ya ce akwai wani ruwan rini da ake gwaji, mai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. In aka yi allurarsa, ƙwayoyin su bi jini su manne wa sankara ita kaɗai, a haska wata fitila, ciwon ya yi kore shar, a bi gefensa a yanke tas. Wani abokin karatunsa a Kano ya yi masa alkawarin kwalba ɗaya. Ɗaya tak! Ga shi kuma tun da soja suka karɓi mulki an rufe iyaka.

To, Lawwali rani goma sha ɗaya ya yi yana tura kurar ruwa a Kano, babu ɓarauniyar hanyar da bai sani ba. Gona kuwa babu abin tsayawa, gero ya ƙone tun yana iya gwiwa. Ya tafi ya karɓo kwalbar, 'yar mitsitsiya kamar ta turare, naɗe da baƙar leda a cikin tarmos ɗin ƙanƙara. Sharaɗi uku aka kafa masa: kada ta ga rana, kada ta ji zafi, kada a buɗe bakinta. A babur ɗin kabu-kabu ya ratso daji, rungume da tarmos kamar jariri.

Da hantsi ya iso gida Matameye. Ya tarar da surukarsa Inna Shekara, wadda ta zo jinya daga Tsauni, zaune a tsakar gida. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Sharuɗɗan nan suna bakinsa, wallahi suna bakinsa, amma ina aka taɓa ganin suruki ya tsaya yana yi wa uwar matarsa doka? A'ishatu na barci. Ya tura tarmos ƙarƙashin gado, ya nufi tasha neman motar Damagaram.

Babu mai, sai da azahar ya samu wuri uku. Yana dawowa ya ga tarmos a buɗe, ƙanƙarar tana cikin randa. Inna Shekara ta yi magana, fuskarta a bango kamar yadda suka saba.

"Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na kai wa Malam Isufu maganin ya yi tofi. Bakin kwalbar ya yi tauri, sai da ya sa wuƙa. Ya ɗaga shi a rana, ƙafa bakwai ya karanta. Ai ba a saka wa 'yata abin Nasara babu addu'a."

Kai, jama'a! Lawwali ya so ya yi ihu, ya so ya fasa randar nan. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Madalla, Inna. An gode."

A Damagaram lokotoro ya duba bakin kwalbar, ya dubi Lawwali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi sauƙi. Ya ce ba zai saka wannan a jinin mutum ba, kuma babu wata. Zai yi aikin kamar wancan karon, da idonsa. Ya jefa kwalbar a kwandon shara.

Awa huɗu aka yi a ɗakin tiyata. Da lokotoro ya fito ya ce ya cire abin da ya gani, sauran sai Allah. Lawwali ya san maganar, irin ta bara ce.

Inna Shekara na zaune a gindin bishiyar bedi da carbinta, tun asuba ba ta sa komai a baki ba. Da ta ji takunsa ta juyar da fuska gefe.

"Ya haska? Sun ga ciwon duka?"

Lawwali ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa mai zafi.

"Ya haska, Inna."