Yafiyar Takarda

Injin casar shinkafa na ta ruri a bayan bango, amma a ofishin Yazid ba abin da ke motsi sai fanka da gefen takardar da ke gaban Maccido.

Yazid ɗan Alhaji Shittu ne, mai masana'antar. Tun da ya dawo daga karatu, garin Goronyo ya ga ikon Allah: komai sai an rubuta, gaisuwa ce kawai ba a sa wa hannu ba tukuna. Ya kawo sababbin injina, aka ce tsofaffin ma'aikata su je su huta. Yau layi ya zo kan Maccido, wanda suka kafa injin farko tare da Alhaji tun suna cin tuwo a kwano ɗaya.

"Baba, yarjejeniyar sallama ce," in ji Yazid, yana fassara masa Turancin. "Za a ba ka haƙƙinka duka. Kai kuma ka sa hannu nan ƙasa, cewa ka yahe komi."

Maccido ya ɗago kai. "Mi anka ce in yahe?"

"Duk abin da ya taɓa shiga tsakaninka da wanga gida. Haka lauyoyi ka rubutawa, Baba. Kowa ya sa hannu."

Abin da ya shiga tsakaninsu kuwa ɗaya ne, kuma duk gari ya sani. Bara waccan Alhaji ya matsa wa Musaddiq, ɗan Maccido tilo, direban masana'antar, ya je ƙauyen Shinaka ɗauko shinkafa da yamma, bayan an ce hanya ba lafiya. 'Yan bindiga suka tare shi. Alhaji ya sayi likkafani, ya aiko da buhuna, ya zauna zaman makoki har aka tashi. Amma kalmar nan guda ta neman yafiya, bakinsa ya ƙi furtawa.

Maccido ya daɗe da sauke fushi. Yafiyarsa na nan a ajiye, kamar kwanon abincin da aka rufe wa baƙo. Kullum in ya gaida Alhaji da safe sai ya ɗan dakata a bakin ƙofa, ko yau ce ranar. Ashe ta takarda za a aiko a karɓa, a hannun yaron da ya saɓa a wuya. Wannan ya fi korar yi masa ciwo.

"Alhaji shina ciki?"

Yazid ya kau da ido. Takalman mahaifinsa na nan a bakin ƙofar ɗakin ciki.

"Tahi ka ce mashi, yahiya ba a aike a amso ta. Shi hito shi ce, 'Maccido, yahe min.' Wallahi ba shi ruhe baki ban amsa ba."

Yazid ya shiga. Aka yi ƙus-ƙus. Ya fito shi kaɗai, yana murza yatsu.

"Ya ce... in kuɗɗin sun yi kaɗan, a ƙara."

Maccido ya daɗe yana kallon labulen ƙofar ɗakin. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya tuna marayun Musaddiq da ke gidansa, ya ɗauki biro, ya rubuta sunansa da ajami.

A gida ya tarar da Safiyatu, matarsa, zaune kan tabarma tana tsintar wake. Tun rasuwar ɗanta ba ta sake cin shinkafa ba. Ba ta tambayi aiki ba, ba ta tambayi kuɗi ba.

"Malam, kun ga juna da Alhaji? Ya roƙa?"

Ya dubi yadda ta rame, ya dubi idanun nan da suka gaji da jira.

"Ya roƙa," in ji shi.

Ta ajiye faifan. Ta tafa hannu sau ɗaya, hawaye na zuba, fuskarta ta sake irin yadda ya daɗe bai gani ba.

"Alhamdu lillahi! To ni ma na yahe mashi, duniya da lahira. Yau ni ka samun barci."

Maccido ya ce amin. Ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki, ya daɗe bai fito ba.