Turmin Kan Kwana

"Malam Mansir, ka yi hattara da matar nan," in ji Salisu mai shayi, yana ɗaga ruwan shayi daga wannan kofi zuwa wancan. "In ka yi sake, wata rana za ta fitar maka da yaro daga gida, fitar da ba dawowa."

Malam Mansir ya tsoma burodi a shayi ya manta da shi har ya narke. Maganar ba baƙuwa ba ce a zuciyarsa, Salisu dai ya riga shi furta ta ne kawai.

Yaron da ake magana a kansa Yusha'u ne, ɗan farin Malam Mansir, saurayi da gemunsa. A da okada yake yi, haya da babur, babu lungun Ibadan da bai sani ba. A daminar bara wata babbar mota ta kwashe shi a Ojoo. Allah ya yi da sauran kwana, ƙashi ya ɗoru, rauni ya warke, amma idanu ba su dawo ba. Tun da aka sallamo shi ya shige ɗaki. Uwarsa Atika ce ke sa masa cokali a hannu, ita ke kai shi ƙofar banɗaki ta tsaya jira. Malam Mansir kuwa ya rage zuwa rumfarsa ta albasa a kasuwar Bodija, ko ya je hankalinsa yana gida.

Ana cikin haka sai ga wata mata ta yi sallama. Ta ce sunanta Muhibbat, daga sashen walwalar marasa lafiya na asibitin da aka kwantar da Yusha'u. Bayarabiya ce, gajeriya, da mayafi ruwan toka, tana jin Hausa irin ta wanda ya tashi a Mokola yana saye da sayarwa da Hausawan unguwar Sabo.

Tun ranar farko Malam Mansir ya ji ba ta kwanta masa ba. Atika ta ɗauko buta za ta zuba wa Yusha'u shayi, matar ta ce, "Mama, ajiye. Shi zai zuba."

"Ruwan zafi ne fa!" in ji Atika.

"Na sani."

Yusha'u ya lalubo butar, ya zuba, ruwa ya malalo masa a yatsa. Ya yarfe hannu yana salati. Muhibbat ko gezau. Ta ce ya ɗora yatsa a bakin kofin, ya zuba a hankali, in ya ji tururi ya iso yatsan ya tsaya. Ya sake, ya sake, har kofi ya cika bai zube ba. Sai ya yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan.

"Baba, ka ga ni yanzu ba ruwana da ɗauke wuta," ya ce.

Malam Mansir bai yi dariya ba. Yana kallon yatsan da ya yi ja ne. Wace irin mai taimako ce za ta ga mutum ya ƙone ta naɗe hannu?

Daga nan ta kawo farar sanda. Malam Mansir ya ce mata a wurinmu makaho ɗan jagora ake ba shi, kuma dangi ba su ƙare ba da za a rasa mai riƙe masa sanda.

"Baba Yusha'u," ta ce, irin kiran Yarabawa da ke sa shi sunkuyar da kai don kunyar sunan ɗan fari, "mai jagora yana da ranar da zai gaji. Ƙafarsa kuwa tasa ce."

Haka suka fara fita. Yusha'u a gaba yana kaɗa sanda dama da hagu, ita a baya, hannunta goye. Ba ta kama shi, ba ta ce masa ga rami. Hanyar masallacin unguwa take koya masa, kullum hanya ɗaya. In sun wuce, masu zama a bakin shaguna su yi tsit, in sun yi nisa a ɗauki magana.

Abin da ya fi tsaya wa Malam Mansir a rai shi ne farar bas ɗin nan. Kowa a Sabo ya san ta. Takan tsaya ba zato a ƙarƙashin gadar sama ta Mokola, maza masu riguna iri ɗaya su firfito su kwashe masu bara, makafi da guragu, a kai su wani sansani a bayan gari. Wasu suna dawowa, wasu sai labari.

"Ka lura," in ji Salisu wata safiya, ya rage murya, "su masu bas ɗin wa ke nuna musu mutane? Ai sai na cikin gida. Ta ba shi sanda, ta koya masa titi. Ranar da ya tsaya bakin hanya shi kaɗai, wa zai ce ba bara ya fito ba?"

"Kai dai Salisu bakinka ba ya faɗin alheri."

"To ta taɓa karɓar wani abu a hannunka?"

Ba ta taɓa ba. Ya taɓa kawo mata albasa mai kyau cikin leda, ta yi godiya ta ce aikinsu ya hana. Goro ma ba ta ɗauka. Shi kuwa a iya zamansa na kasuwa, wanda ya ƙi ƙaramin abu babba yake hange.

Ran nan Muhibbat ta ce lokaci ya yi. Gobe da azahar Yusha'u zai tafi masallaci shi kaɗai, ita za ta jira shi a tsallaken ƙofar masallacin. Kada kowa ya bi shi.

Washegari da aka idar da sallar asuba gari ya yi haske, Malam Mansir ya tako hanyar yana dubawa da idon uba. Sai ya ga ashe hanyar tarko ce tun daga farko har ƙarshe. Ga duron ruwa ya ci rabin lungu. Ga tayoyin mai faci a jibge. Ga kuma wani tsohon turmi a kife daidai kan kwanar da ake karyawa hagu zuwa masallaci, wanda mai ƙosai ke zama a kai da safe. Mai ido ma in bai kula ba sai ya fasa ƙauri. Wannan ce hanyar da matar nan ta zaɓa wa makaho?

Ya naɗe hannun riga. Ya ja duron ya manna shi da bango. Ya roƙi mai faci ya shigar da tayoyinsa ciki na yau kawai. Turmin kuwa ya jira mai ƙosai ta tashi, ya mirgina shi can bayan wani shago. Ya tsaya ya dubi lungun, fes, ko tsinke babu. A ransa ya ce, in ma da wata manufa ta bar su, to Allah ya fi ta.

Bai je Bodija ba. Tun kafin kiran salla ya shige masallaci ya zauna inda yake hango ƙofa. Can tsallake ga Muhibbat tsaye a inuwar wani shago. Aka kira salla. Mutane suka yi ta shigowa suna tuɓe takalma. Aka tayar da iƙama. Babu farar sanda.

Ya bi sahu, amma Allah ne kaɗai ya san abin da ya karanta. Liman na sallamewa ya miƙe ya leƙa. Muhibbat ba ta wurin. Can ya hango mayafinta tana sauri, waya manne a kunne.

Wa take kira? Ya zura takalma a karkace ya bi ta, yana raɓewa da bango kada ta waiwayo. Da ta iso kan kwana ta ja ta tsaya. Ta sunkuya tana kallon ƙasa, inda zagayen gindin turmi ya bar shaida, wuri mai danshi da kiyashi ke ta watsewa. Ta ɗago ta dubi lungun masallaci, ta dubi hanyar da ta miƙe. Sai ta tattare zane ta bi miƙaƙƙiyar da gudu.

Hanyar nan ba ta da wata mafita sai babban titin Mokola.

Tun daga nesa Malam Mansir ya hango shi. Yusha'u na tsaye a gindin gada, motoci na ta hon ta ko'ina, ya rungume sandar a ƙirji yana juya kai. Wata mata mai kwando a ka ta tsaya, ta cusa masa canji a hannu, ta ce da Yarabanci ya yi mata addu'a. Yusha'u ya buɗe hannun, kuɗin suka zube ƙasa.

"Ni ba bara nake ba," yake cewa, da Hausa, da Yarabanci. "Masallaci za ni."

Ga farar bas a gefe, ƙofarta a buɗe. Wani ƙato ya riga ya riƙe masa gwiwar hannu.

Muhibbat ta riga Malam Mansir isa. Ta shiga tsakaninsu, ta zaro katin da ke rataye a wuyanta, ta hau Turanci da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ƙaton ya amsa. Wani ya sauko daga bas ɗin, ya dube ta, ya kira sunanta. Sunanta! Har da murmushi. Ashe sun san juna.

Malam Mansir bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Sunan da bai taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa shi, shi ya fito, da ƙarfi, a tsakiyar titi.

"Yusha'u!"

Yaron ya juyo da fuska daidai inda muryar take. "Baba?"

Ƙaton ya dubi uban, ya dubi Muhibbat, ya saki hannun. Suka ƙara 'yan maganganu da Turanci, na biyun ya danna wani abu a wayarsa, suka koma mota.

A hanyar gida Malam Mansir ya kama hannun ɗansa gam, Muhibbat ba ta hana ba. Atika na ganinsu ta fashe da kuka, Yusha'u ya zare hannunsa ya lalubi ƙofar ɗaki ya shige.

Muhibbat ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata. Ta ce, "Baba Yusha'u, gobe shugabana zai tambaye ni yadda aka yi. In na ce shi ya ɓata hanya, za su ce koyarwar gida ba ta isa ba, a kai shi makarantar makafi ta kwana har ya ƙware."

Ga ta nan, maganar Salisu, ta fito da ƙafafunta. Malam Mansir ya ce, "Dama abin da ake so ke nan tun farko."

"Da shi nake so, da ban yi ta zirga-zirga a lungun nan ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Shi ba ya ganin kwana. Duro yake taɓawa ya san ya fito daidai. Tayoyi su gaya masa ya yi rabi. In sanda ta bugi turmi, ya karya hagu. Yau sanda ba ta bugi komai ba."

Daga cikin ɗaki muryar Yusha'u ta fito, a kwance, ba rai a cikinta. "Anti, ki ce musu ni ne. Na yi ta neman turmin ban same shi ba. Ƙila kaina ne ya taɓu tare da idon. Ki ɗauki sandarki."

Malam Mansir ya dubi labulen ɗakin. Ya dubi matar. Ita kuwa ƙasa take kallo, ba ta tambaye shi komai ba.

Ya sa takalmi ya fita. Rana tsaka, mutane cike da lungu, ya zagaya bayan shagon ya kamo turmin. Ya fi nauyi yanzu fiye da da safe. Ya mirgino shi yana nishi, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"A'a, Malam Mansir," Salisu ya ɗago daga wanke kofuna, "an koma sana'ar daka ne?"

"Zo ka kama mini, ka bar surutu."

Suka kife shi daidai kan shaidarsa. Ya janyo duron ya mayar tsakiyar lungu, ya ce wa mai faci ya fito da tayoyinsa, ya kuma roƙe shi kada ya sake matsar da su ko waye ya ce. Da ya dawo gida ya tsaya a bakin ɗakin, ya yi magana yadda na ciki zai ji.

"Ki gaya wa shugaban naki hanya aka canja. Kan yaro lafiya lau."

Can daga cikin ɗakin aka ji ƙarar sanda ana janyo ta daga jikin bango.

Ba a kai Yusha'u ko'ina ba. Ya ɗauki kwanaki kafin ya yarda ya sake fita, da ya fita kuma ya isa. Yanzu yana zuwa salla shi kaɗai, wani lokaci ya zarce teburin Salisu su yi ta musu kan ƙwallo. Muhibbat ta rage zuwa, ta ce haka aikin yake, in ya yi kyau sai a daina ganinta.

Farar bas ɗin dai ba ta daina tsayawa a gindin gada ba. Har yau Malam Mansir bai san wa Muhibbat ta kira a waya ran nan ba, bai san abin da ta faɗa wa mutanen da Turanci ba, bai kuma san ko sunan ɗansa ne mutumin ya danna a wayarsa ba.