Numfashi Ɗaya Kafin Ƙararrawa

A gidan rediyon gwamnati akwai wani ɗan shiri na bayan labaran safe da ma'aikata ke kira Jana'iza, amma a tsakaninsu kawai, kuma ƙasa-ƙasa. Masinja zai zo daga Hukumar Tsabtace Harshe da farin kati, mai sanarwa ya karanta kalmar da ke jiki sau ɗaya, ya buga ƙararrawar da ke gefen hannunsa. Daga wannan bugun kalma ta mutu. Duk wanda aka ƙara jin ta a bakinsa, sai dai iyalinsa su yi haƙuri. Haka aka binne "watakila", domin gwamnati ba ta shakka. Haka aka binne "yunwa", aka ce mutane su riƙa cewa suna jiran abinci, kuma ba laifi, an iya jiran.

Dogo ya fi kowa daɗewa a kan kujerar mai sanarwa. Kafin kalma ta gama fita daga bakinsa hannunsa ya sauka a kan ƙararrawa, har Darakta kan ce da a samu irinsa biyu da an huta. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske, ya kawo ƙanensa Auta, ya koya masa zama gaban makirufo da yadda ake juya takarda ba a ji ƙararta ba. Aka raba musu kwanaki, yau wannan, gobe wancan.

Ba a daɗe ba Dogo ya fara ganin abin da bai gane ba. In sun fito tare, mai gyaran takalman bakin ƙofa Auta yake ɗaga wa hannu. Direban bas ya ƙi karɓar komai daga Auta, shi kuma Dogo ya ce masa ya matsa ciki. Muryar Auta ba ta kai tasa kauri ba, wannan ko kurma ya sani. To me suke ji a cikinta?

Ya samu amsa wata safiya da ba shi da aiki, ya leƙa wurin Innarsu. Ya tarar ta ajiye wanke-wanke, ta goge hannu, ta zauna kusa da rediyo. Duk tsawon shekarun da ya yi yana karatu, bai taɓa jin an ce ta ajiye ko cokali dominsa ba.

Muryar Auta ta ce, "Kalmar yau ita ce: kewa."

Sai shiru. Ba wani dogon shiru ba ne, numfashi ɗaya ne kacal. A cikin numfashin nan Inna ta ce "kewa" a hankali. Ta bayan katanga matar tela ta faɗa, a saman bene wani tsoho ya faɗa, layin gaba ɗaya ya yi wani ɗan guna-guni kamar an taɓa gidan zuma. Sannan ƙararrawa ta buga.

Inna ta share ido da gefen zane. "Yaron nan, Allah ya yi masa baiwa. Yana bari mu yi sallama da su."

"Ni fa na koya masa aikin, Inna."

"Na sani, Dogo. Kai ma ai kana ƙoƙari."

Kana ƙoƙari! Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fita bai sha shayin da ta zuba masa ba. Kishi ne ya kama shi, ba shi da wani suna, irin wanda ke hana mutum jin daɗin ruwan sanyi. Abin da ya fi ci masa rai, wai baiwar ma ba magana ba ce. Shi ya yi shekaru yana goge murya, ƙanensa ya zo ya rufe baki na numfashi ɗaya ya kwashe gari.

Bai kai ƙara ba, kada a yi masa sharri. Wasa ya yi. Sun haɗu da Darakta a kan matakala, Darakta ya tambaye shi ya hannun ƙanen nasa, Dogo ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun ne dai da nauyi. Kafin ya kai ga ƙararrawa, gari ya gama maimaita kalmar." Darakta bai yi dariya ba. Ya dai gyara tabarau, ya ce madalla. Dogo ya sauka yana gaya wa kansa iyakaci a mayar da Auta sashen hasashen yanayi, ya je can ya yi ta shirunsa da gajimare. Amma magana zarar bunu ce, kuma a gidan da yake aiki ya fi kowa sanin haka.

Washegari kofin Auta na kan tebur, kujerarsa babu kowa. Ba wanda ya tambaya, domin "me ya sa" ta daɗe a binne.

Kowa ya san abin da ke biyo baya. Wanda aka ɗauke, sunansa ma kalma ne, a kan farin kati yake zuwa. Da yamma Dogo ya je wurin Inna, ya same ta zaune da rigar Auta a cinya tana ɗinke maɓallin da ya fita. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambaye shi komai ba.

"Kai za ka karanta?"

"Ba kowa sai ni, Inna."

Ta kama hannunsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Ban taɓa roƙonka komai ba a aikin nan. Ka bar mini numfashi ɗaya in kira ɗana. Zan zauna kusa da rediyo. Ka yi yadda yake yi, ka ji, Dogo?"

Ya ce to. Kuma har ga Allah da niyyar yi ya shiga ɗakin watsa shiri da safe. Ya san Darakta na tsaye bayan gilashi, ya san abin da shirun zai jawo masa, ya kuma shirya. Jar fitila ta kama. Ya ɗaga katin, ga sunan da ya yi ta kira a tsakar gida tun mai sunan yana rarrafe. Ya san yau duk gari an ajiye wanke-wanke. Yau Inna na zaune kusa da rediyo a ranar aikinsa, karo na farko.

Sai dai ba shi take jira ba. Ka yi yadda yake yi. Ko yau, ko da babu shi, Auta ne gwani, shi kuwa mai kwaikwayo.

Ya karanta sunan da muryarsa mai kauri, tsaf, babu rawa. Hannunsa ya sauka a kan ƙararrawa kafin harafin ƙarshe ya huce. Daga baya ya so ya ce tsoro ne, amma ya san ba tsoro ba ne. Darakta ya ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi.

Ya daɗe yana zagaya layinsu kafin ya shiga. Matar tela ta gan shi ta ja labule. Ya tarar da Inna a inda ya yi zato, rediyo a kashe, leɓenta a ɗan buɗe kamar wadda aka katse wa magana. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta dube shi sosai, ta gyara zama irin na karɓar baƙo.

"Sannu da aiki, Mai Sanarwa," ta ce. "A kawo maka ruwa?"

Ba hukumar da ta aiko mata da kati, ba wanda ya buga mata ƙararrawa. Amma har ta koma ga Allah, Dogo bai ƙara jin sunansa a bakinta ba.