Gam a Wuyan Amaryar Sukari

Tahani ta ja maficin takardar da ke bayan kan amaryar sukarin, 'yar tsanar da ake yi don Maulidi, ya ƙi motsi. Ta ƙara ja, ko gezau. Da ta juya amaryar ta duba ƙeyarta sai ta ga dalili. Dunƙulen gam ne fari, ya daskare kamar majina, ya gangaro tun daga wuya har gadon baya.

"Ragab!"

Ɗanta ya leƙo daga banɗaki, rabin fuskarsa kumfar aski.

"Wa ya taɓa min amarya?"

"Au, ni ne, Mama. Da na tashi na ga maficin ya ɗan sassauta, sai na ɗauko bindigar gam ta shagonmu na ɗiga masa. Yanzu ko guguwa ba ta cire shi."

Ji shi fa! Har da alfahari. Ƙato guda, mai gyaran wayoyin mutane, wanda ya tashi a gidan da ake shirya amaryar Maulidi tun kafin a haife shi, wai shi ne bai san abin da ake liƙa wa sukari ba.

"Kai, Allah ya shirye ka! Wayar salula ce? Takalmi ne? Sau nawa ka gan ni ina aikin nan? Takarda da takarda, kunun sitaci. Duk abin da zai taɓa jikin amarya, ƙaro, saboda ci za a yi. Gam ɗinka na kwalin gindinta ne kaɗai, shi ma daga nesa. Yanzu wa zai ci wannan?"

"Haba Mama, wa ke cin amarya a zamanin nan? Ajiyewa kawai ake yi."

Yau da la'asar za su kai amaryar gidan su Hadir, yarinyar da Ragab ke nema, kamar yadda kowane saurayi ke kai wa budurwarsa a Maulidin farko bayan baiko. Yau kuma za a tsayar da ranar aure, ranar da uwar yarinyar, Madam Nagwa, take ta ja da ita kamar roba. Matar nan ba ta taɓa ɓoye cewa 'yarta ta fi ƙarfin gidan masu zuba sukari ba. Ranar baiko ma sai da ta ce, tana murmushin da bai kai ido ba, kada su wahalar da kansu, amaryar roba mai waƙa ta isa. A nan ne Tahani ta buga ƙirji a gaban mutane ta ce da hannunta za ta yi, ta sukari tsantsa, wadda bayan Maulidi za a fasa a dafa shinkafa da madara da ita, gida biyu su ci daga tukunya ɗaya. Haka aka yi wa uwarta, haka aka yi mata. Magana ta riga ta fita, ba ta komawa.

Ta ɗora wuƙa a wuta ta ɗan yi zafi, ta fara kankare gam ɗin a hankali. Ashe zafin bindigar ya narka sukarin, gam ya shige ciki ya zama jiki ɗaya da shi. Amarya kuwa cikinta rami ne, wuyanta bai fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Ta ji ƙas! Kan ya gangara ya faɗi a tire, idanun da ta zana da hannunta suna kallon rufi.

Ragab ya tsaya da reza a hannu.

"Mama… in sayo ta roba? Akwai masu kyau."

"Ka saya ka aure ta."

Ta kwashe sauran takardunta masu launi, da kwalbar ƙaron da ta jiƙa, da ɗan gwangwanin sitaci, ta tura a jaka. Ta ce ya ɗauki kwalayen alawa ya jira ta a ƙofar gidan surukansa, kuma kada ya kuskura ya shiga ba tare da ita ba.

A ƙaramar bas ba ta kula kowa ba, sai tsaki take ja ita kaɗai. Da ta sauka Bab el-Bahar, layin masu sayar da amaren Maulidi, ranta ya ƙara ɓaci. Layin da lokacin tana yarinya ƙamshin dafaffen sukari ke tarar mutum tun daga bakin titi, yau warin ƙonanniyar roba ke tashi. Rumfa bayan rumfa, 'yan tsana ne masu gashin zinare da rigar yadi, wasu na juyi, wasu na waƙa. Wani mai rumfa mai tumbi ya miƙo mata ɗaya har kusa da hanci.

"Hajiya, ga ta zamani, tana kunna fitila!"

"Ka haɗiye ta ka ga ko cikinka zai yi haske."

Shagon ƙanenta Sobhi yana can ƙuryar lungu, inda mahaifinsu ya yi rayuwarsa yana zuba sukari a mazubin katako. Ta ɗaga labule, ta tsaya cak. Sobhi na zaune a kan kujerar mahaifinsu, bindigar gam a hannu, yana liƙa wa 'yar tsanar roba mayafi. Ya so ya ɓoye ta a ƙarƙashin benci, wayar lantarkin ta tona shi.

"Har da kai, Sobhi?"

"Yaya, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. A kujerar Baba? Ba ka ji kunya ba?"

"Kunya ba ta ciyar da yara, Yaya. Abin da mutane ke nema shi nake yi. Dubi yatsuna, duk sun ƙone. Kina tsammani daɗi nake ji?"

Ta dubi yatsun, ta kau da kai. Tausayi ya so kama ta, ta ƙi ba shi hanya, don yau ba ranarsa ba ce. Ta faɗa masa abin da Ragab ya yi. Sobhi ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya mayar da ita tari.

"Bana kaɗan na zuba, saboda tsofaffi irinki masu taurin kai. Duk an kwashe. Saura ɗaya, kuma hancinta ya ɗan guntule."

Ya sauko da ita daga kan kanta, tsirara, ruwan hoda, hannayenta a ƙugu. Tahani ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ji sautin lafiyayye ne. Hancin za a iya rufe shi da ɗigon launi. Ta ture 'yan tsanar Sobhi gefe da bayan hannu, ta sa shi ya dama mata sitaci a kan risho, ta zauna.

Hannunta ya san aikin ko idonta a rufe. Ta nannaɗe takarda ta yi siket hawa-hawa, ta shafa kunun sitaci siriri da ɗan yatsa don kada takardar ta jiƙe ta yi tamoji. Ta lanƙwasa mafitai, babba a baya, ƙanana a gaba. Da ta zo inda mafici zai haɗu da ƙeyar amarya sai ta buɗe kwalbar ƙaro.

"Yaya, wannan ba zai kama kafin la'asar ba," in ji Sobhi. "Kin fi ni sani. Ƙaro sai ya ɗauki awanni, ga garin yau da gumi. Bari in ɗiga miki ɗigo ɗaya a ƙarƙashi, wallahi ba mai gani."

"Ni zan gani."

"To ki ɗaure da zare."

"Ya yanke mata wuya? Kai ma ka manta aikin ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Ta shafa ƙaron, ta ɗora maficin, ta danne da babban yatsa. Haka ta fito daga lungun, amarya a ƙirji, yatsa a ƙeyarta. Haka ta shiga bas zuwa Shubra, unguwar su Hadir, tana kare ta da gwiwar hannu, tana faɗa da direba duk ramin da ya faɗa. Wata mata a kusa da ita ta ce rabon da ta ga irinta tun tana yarinya, ta nemi ta taɓa. Tahani ta ce ta taɓa da ido.

Ragab na tsaye a ƙofar benen su Hadir da kwalayen alawar riɗi da ta gyaɗa, rigarsa ta jiƙe da zufa.

"Mama, ta yi kyau! Wallahi ta fi ta farko."

"Rufe min baki. Wuce gaba."

Falon Madam Nagwa irin wanda kujeru ke sanye da rigar leda ne. Mahaifin Hadir ya tarbe su da fara'a, mutum ne mara yawan magana. Hadir ta gaishe su ta koma gefe. Madam Nagwa ta share wuri a tsakiyar tebur da kanta.

"Ajiye ta nan, Maman Ragab, mu ga abin da aka daɗe ana ba mu labari."

Tahani ta ajiye, ta yi bismillah a zuci, ta ɗage yatsanta. Amarya ta tsaya tsaf, mafitanta a buɗe, har mahaifin Hadir ya ce masha Allah. Sai babban maficin ya fara sunkuyawa. A hankali yake zamewa, kowa na kallo, har ya kwanta a kafaɗar amarya kamar mai gyangyaɗi.

"Ayya," in ji Madam Nagwa, muryarta zaƙi kamar zuma. "Aikin hannu ke nan, sai haƙuri. Hadir, ɗauko bindigar nan da muke liƙa furannin labule. Yanzu za a gama."

Kafin ta rufe baki Tahani ta ɗaga maficin ta mayar, ta sake danne shi da yatsa.

"A bar ta. Bai gama kamawa ba ne."

"Haba, wahalar me? Ɗigo ɗaya ne."

"Ba a sa wa abin ci gam, Madam."

"Ci? Wa zai ci? A kabad za ta zauna, in kiyashi ya bar ta."

"A gidanmu ci ake yi."

"To, nan kuma gidanmu ne."

Ragab ya dubi uwarsa da idon roƙo, idon da yake mata tun yana ƙarami in ya fasa abu. Ta gane sarai abin da yake cewa: ki bari, Mama, ɗigon gam ne kawai, aurena ne a kan teburin nan. Ta ji zuciyarta na tafasa, da shi, da Sobhi, da matar nan, da garin gaba ɗaya da ya ƙosa da jira. Ta kuma ji tsoro, tsoron gaske, kada taurin kanta ya jawo wa yaron abin da ba zai yafe mata ba. Ta buɗe baki za ta ce a kawo, kalmar ta ƙi fita. Yatsan ma ya ƙi ɗagawa.

Aka kawo shayi. Kowa ya ɗauki nasa, nata ya zauna yana huci har ya daina. Zama ne na bakin kujera, jiki a karkace, hannu a miƙe. Kafaɗarta ta fara zafi, damtsenta ya soma rawa, maficin ma yana rawa tare da shi. Madam Nagwa na kurɓar shayi tana kallon hannun. Ba wanda ya ta da maganar rana.

Hadir ta dawo da bindigar. Ta tsaya da ita a hannu, ta dubi uwarta, ta dubi hannun da ke karkarwa. Sai ta ajiye ta a kan talabijin ba tare da ta jona ba, ta zagayo ta durƙusa a gefen tebur.

"Mama, kawo in riƙe. Ki sha shayinki."

Anti yarinyar take ce mata tun ranar da suka san juna, sai yau. Tahani ta dube ta sheƙeƙe.

"Kin san zai daɗe? Har magariba ma yana iya kaiwa."

"Ai ba inda za ni."

"Hadir, rigarki za ta ɓaci," in ji Madam Nagwa.

"A wanke, Mami."

Mahaifin Hadir ya ajiye kofinsa, ya gyara murya.

"To, tunda zama ya kama mu, Ragab, matso. Bayan ƙaramar sallah ya yi maka?"

Madam Nagwa ta juya ta harari mijinta, shi kuwa ya ci gaba da kallon Ragab. Tahani ba ta ɗago ba. Ta kama yatsan yarinyar, ta zame nata a hankali, ta ɗora na Hadir a daidai wurin. Nata ya sandare, ya yi fari, ta kasa lanƙwasa shi.

"Ba haka ba, ke! Za ki karya mata wuya. Sassauta. Kamar kina jin bugun jinin jariri. Yawwa. Kada ki motsa."

Ta ɗauki shayin da ya huce da ɗaya hannun, ta kurɓa, idonta na kan yatsan.