Askin Basha

Gidan Hajiya Inayat ɗaki uku ne da falo, a hawa na huɗu, nan unguwar Shubra ta Alkahira. Amma ita ɗaki ɗaya take zaune. Sauran duk na kare ne.

Karen na ɗanta ne, Hazim. Irin karnukan ƙasar ƙanƙara ɗin nan ne masu shuɗin ido, da samarin Alkahira suka ɗauki yayinsu ba su tambayi rana ba. Hazim ya sayo shi yana ɗan kwikwiyo, ya raɗa masa suna Basha, sannan aiki ya same shi a Kanada. Ranar tafiya ya sumbaci hannun uwarsa, ya juya ya rungume karen har sai da direban tasi ya gaji da danna hon.

"Wata shida ne, Mama. Da na zauna da gindina zan aiko a ɗauke shi."

Wata shidan nan ya yi aure, ya haihu, har ya ga jikoki.

Shi kuwa Basha riga biyu Allah ya yi masa, ta sama mai tsawo, ta ciki mai laushi kamar auduga. Da zafi ya kawo kai sai ya shiga tuɓe ta cikin, kuma ba ya gamawa. Gashi a kujera, gashi a kofin shayi, gashi a miyar lalo. Ka share falo, kafin ka jingine tsintsiya ya sake taruwa a lungu yana birgima. Abin da ya fi ci wa Hajiya rai shi ne sallaya. Ta tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce busasshen gashi ba komai, ɗaya ya ce a wanke. Ta bi na biyun, don mutum ba ya caca da sallarsa.

Sai ta tattara ta koma ɗakinta, ta ja ƙofa, ta cusa tsohon zani a ƙarƙashi. Takalmin falo daban, na ɗaki daban. Injin sanyi ɗaya ne a gidan, a falo, Hazim ya sa wa kare. Ita fanka ce da ita, mai juya kai kamar tana cewa a'a. Baranda ba ta buɗuwa, don Madam Firyal ta hawa na uku ta rantse in ta sake ganin gashi a shanyarta sai unguwa ta ji su. Ƙanwarta da ke garin Tanta ta aurar da 'ya, Hajiya ba ta je ba, domin in aka bar Basha shi kaɗai kuka yake kamar an yi rasuwa a benen.

Kowa ya ce mata, "Hajiya, ki bayar da shi mana. Dole ce?"

Ita dai sai ta ce amana ce. Amana kam amana ce, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kullum bayan la'asar wayarta sai ta yi ƙara, fuskar Hazim ta fito.

"Mama, ya jiki? Ina Basha?"

Ta sa takalmin falo, ta fita, ta miƙa hannu iya tsawonsa ta saita wa karen waya. Yaro ya yi ta surutu da dabba, ita kuma tana soka tata a tsakani. Ka ci abinci? Wannan tarin fa? Wa ke maka wanki? Yana amsawa ba tare da ya san ya amsa ba. 'Ya'yan maƙwabta da ke waje, daga Salla sai Salla ake jin muryarsu. Hajiya ba ta yi boko ba, amma wannan lissafin ba ya buƙatar alli.

Ana nan, wata safiya aka ƙwanƙwasa. Wata budurwa ce da wando da ɗankwali, tana jan akwati, ga wani inji mai dogon hanci a kafaɗa.

"Ina kwana, Hajiya. Sunana Basant, gyaran karnuka nake yi. Ɗanki ne ya turo ni."

"Gyaran karnuka," in ji Hajiya. "Duniya ta zo ƙarshe. Shigo, 'yata. Ga shi can kwance kamar mai gidan haya. Ki aske min shi ƙwal, kamar kan alhaji a Mina."

Basant ta yi dariya. "Haba Hajiya, ai irin wannan ba a sa masa aska. Ta cikin da ta mutu ita zan fitar, ta saman a bar masa abinsa. Ita ke tare masa rana, ita ke tare masa sanyi. In aka aske, ta cikin ce ke rigan fitowa ta cukurkuɗe, ta saman sai ta ga dama. Wani karen sai shekara, wani fiye, wani ma shi ke nan."

"To zubar fa?"

"Za ta ragu sosai. Dainawa kam sai ranar da ya daina numfashi."

"Allah ya ba mu haƙuri da tsawon ransa."

Aka shiga banɗaki da Basha. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe hanci da gefen mayafi, wai ba kallo take ba. Yarinyar ta wanke shi da sabulu kala biyu, ta murza har fata. Sannan ta kunna injin nan, ya ɗauki ruri. Iska na shiga jikin karen, gashi na tashi fari fat, ya cika banɗakin kamar an farke matashi, ya sauka a kan Basant har girarta ta yi furfura. Da ƙura ta lafa ta ɗauko mataji mai haƙoran ƙarfe, tana buɗa gashin layi-layi kamar mai kitso, tana janyo na ciki dunƙule-dunƙule. Basha ya lumshe ido, ya miƙa wuya. Buhu ya cika.

"Kin ciro wani karen daga cikin kare," in ji Hajiya.

"Ai gara ya tafi da tsabtarsa. Can ne ma zai ji daɗin rigar tasa, ƙanƙara har gwiwa."

"Ya tafi ina?"

Basant ta ɗago. "Au, bai gaya miki ba? Wayyo, na yi suɓutar baki. Ya ce in shirya shi, takardunsa sun kusa, wata mai kamawa zai hau jirgi. Barka, Hajiya! Kin huta."

"Na huta," in ji Hajiya.

Da yarinyar ta tafi, gidan ya yi fes. Hajiya ta shafa kujera, ta duba tafinta, ba komai. Ta zauna a falonta, sanyin inji na dukan ta, abin da ta manta daɗinsa. Ga Tanta a buɗe, ga baranda, ga sallaya duk inda ta so shimfiɗawa. Ta zauna tana jiran farin ciki ya zo. Bai zo ba, wayar ce ta zo.

"Kai, kai, kai! Dubi ango! Mama, matso da shi. So na yi in ba ki mamaki, wallahi. Na san kin wahala."

"In ya tafi, za ka riƙa kira dai?"

"Haba Mama, wace irin magana ce wannan? Kullum!"

Ta san muryar. Da ita yake cewa ya yi sallar asuba tun yana ɗan makaranta.

Kwana biyu tana juya abin a ranta. A na uku ta leƙa matakala ta kira Shahhat maigadi, wanda ke fita da karen safe da yamma.

"Shahhat, mutumin nan mai yi wa jakuna aski a ƙarƙashin gada, yana nan da rai?"

"Usta Garib? Yana nan, Hajiya. Jaki kika saya?"

"Na ga kai kaɗai ba ka ishi benen ba. Je ka kira min shi."

Usta Garib ya iso da hantsi, yana haki saboda matakala, da tsohon injin aski da almakashi a cikin buhu. Ya dubi karen, ya dubi Hajiya.

"Hajiya, ni jaki na sani, da doki, sai tunkiya in Salla ta matso. Wannan kuwa ya fi ni kyan gani. In yi masa zane a cinya irin na jakin 'yan gayu?"

"Ƙwal nake so."

"Duka?"

"In ka ga dama ka bar masa gashin baki."

Basha ya ƙi. Shahhat ya riƙe, karen ya fizge. Usta Garib ya ɗauko igiya zai ɗaure shi yadda yake wa jakuna, karen ya yage baki ya nuna masa haƙora, sannan ya zagaya ya ɓuya a bayan Hajiya. Ita da ba ta taɓa ɗora masa ko yatsa ba. Amma ita ke zuba masa abinci, ita yake jin motsinta a bayan ƙofa.

"Sai dai ke, Hajiya," in ji Shahhat.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta naɗe hannun riga, ta zauna a ƙasa, ta kama kan karen ta ɗora a cinyarta. Gashin ya fi yadda ta zata laushi, ga ƙamshin sabulun yarinyar nan bai gama fita ba. Ya kwanta luf, ya ɗaga shuɗin idon nan yana kallonta. Ta kau da kai ta kalli bango.

"Bismilla, Usta. Yi sauri."

Inji ya bi ta gadon baya ya buɗe hanya. Abin da ya fito daga ƙarƙashi ba ya kama da Basha: fata ja-ja mai ɗigo-ɗigo, kamar kazar da aka fige, ga haƙarƙari, ga 'yan ƙafafu sirara. Da aka gama ya miƙe, ya girgiza, bai ji komai ya motsa a jikinsa ba. Ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa. Usta Garib ya ce shi dai bai taɓa aikin da ya ji kunyarsa irin wannan ba, amma ya sha shayinsa har ƙasan kofi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Hajiya ta durƙusa ta saita ta ƙarƙashin tebur.

"Mama. Mene ne wannan?"

"Zafi ne, ɗana. Na ga yana ta haki, na ce bari a rage masa kaya."

"Wa ya yi masa? Wa ya ce ki yi? Mama, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Ni me na sani? Jahila ce ni, ban yi makaranta ba. Cewa nake alheri na yi."

Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Rabon da ya yi mata doguwar magana haka, ita da kanta ba kare ba, ta manta. Ta sunkuyar da kai tana saurare, ba ta bar ko kalma ta faɗi ƙasa ba.

Washegari Basant ta dawo, ba dariya. Ta janyo karen a hankali, ta shafa fatar, ta duba inda inji ya ƙwarzane shi. Sannan ta ɗago ta dubi tsohuwar, kallo mai tsawo.

"Hajiya, ai na gaya miki."

"Tsufa, 'yata. Kunne ya zama rariya."

"Rariyar da ke zaɓen abin da za ta riƙe." Ta zuge jakarta ta fito da kwalba. "To ga aikinki. Wannan man safe da yamma, ko'ina a jikinsa, da hannu. Rana kada ta gan shi, fita sai da sassafe ko bayan magariba, da riga. Injin sanyi a kashe, yanzu ba shi da bargo. Kada a bar shi shi kaɗai, zai yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Ƙanƙara kuwa, ni ba zan ce a kai shi haka ba. Sai rigar ta dawo."

"Yaushe ke nan?"

"Allah masani."

"Shi ne masani," in ji Hajiya.

"Kuma kada ki ce kin rabu da gashi. Zai zuba, gajere, mai tsini."

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Na da birgima yake a ƙasa, tsintsiya na kama shi. Na yanzu allura ne. Ya ratsa zanin da ke ƙarƙashin ƙofa, ya soke a sallaya, sai an bi shi da farce ɗaya-ɗaya. Injin sanyi aka kashe, falo ya koma tanda, baranda na nan a rufe. Safe da yamma Hajiya na zaune a ƙasa tana shafa wa kare mai, ta tashi ta wanke hannu har fatar ta tsage, ta sake tufafi, ta yi alwala. Ko kasuwa ta daina zuwa, sai dai ta zura kwando da igiya ta tagar ɗakinta, mai wake ya sa mata. Ƙanwarta ta kira daga Tanta, amarya ta haihu. Hajiya ta ce a shafa mata kan jariri.

Hazim yanzu sau biyu yake kira, kafin ya fita aiki da bayan ya dawo. Ba ya cewa ya jiki.

"Juya shi in ga bayansa. Ɗaga wayar. Kin shafa masa man?"

"Na shafa. Kai ka ci abinci?"

"Na ci. Matso da ita kusa, ba na gani."

Ran nan tana shafa man, yatsunta suka ji wani abu a kafaɗar hagu. Ta kai ido kusa. Gashi ne sabo, ɗan fili kamar tafin hannu, baƙi, mai sheƙi, ya fito miƙe sambal yadda Allah ya yi shi tun farko. Tana cikin kallonsa wayar ta yi ƙara.

"Mama, yaya? Akwai alama?"

Hajiya ta dafa karen, ta juya shi a hankali, ta saita waya a ɓangaren dama.

"Ga shi dai, ɗana, duba da kanka. Sai haƙuri."