Baba Yamusa Ya Je Roƙon Jirgi

Ranar da za mu shiga majalisar tarayya, ina cikin ɗaura ɗankwali ƙanena Meshach ya kira ni daga gida. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Yaya Catherine, ku je ku yi ta surutunku. In kuka dawo hannu rabbana, gonar Baba zan sayar. Mai saye yana nan yana jira."

Na san ba barazana yake yi ba. Shi kaɗai ya rage tare da Iya a Rafin Kanya, ƙauyenmu da ke bakin tsohon layin dogon da ya gangaro daga Kafanchan ya nufi Lafiya. Citta yake nomawa, mai kyau kuwa, amma fitar da ita ne aikin. Hanyar mota ta mutu murus, direbobi sai sun ga dama suke shiga, in sun shiga kuma su ne masu yanka kuɗi yadda ransu ya so. Da muna yara jirgin fasinja yana tsayawa a tasharmu, mata su hau da buhunansu su sauka a kasuwar da ta yi musu. Yanzu awaki ne ke kwana a tashar. Meshach ya ce ya gaji, zai zo Mpape nan Abuja ya fasa dutse kamar sauran samarin garinmu. In gonar nan ta tafi, Iya za ta dawo ɗakina a Karu ta zauna tana kallon bango, gidanmu kuma ya tashi ke nan. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Mu 'yan garuruwan bakin layi da ke zaune a Abuja muna da ƙungiya. Duk Lahadi bayan sujada muke haɗuwa a wani ajin makaranta a Karu, Musulmin cikinmu su same mu a can. Sakatarenmu Silas, wanda ke aikin gwamnati, shi ya jiyo cewa kwamitin majalisa mai kula da sufuri zai saurari jama'a kafin a rufe kasafin kuɗi. Ya yi ta sintiri har takalminsa ya ci ƙasa, daga ƙarshe aka ce mu zo. Abin da muke nema bai da wuyar faɗi: gwamnatin tarayya ta sa kuɗi a gyara layin, jirgin fasinja ya dawo.

Da aka zo kan wanda zai yi magana, na ɗaga hannu. Ni nake sayar da citta da doya a kasuwar Karu, ni na san abin da ke ruɓewa a hanya, kuma bakina ba ya ciwo. Maza suka ce a'a, ba a zuwa gaban manya a bar babba a zaune. Aka zaɓi Baba Yamusa, dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinmu, wanda ke zaune a Orozo wajen ɗansa yana ɗan noman bayan gida. Mutumin kirki ne, sai dai kunne ya fara nauyi, kuma bai taɓa yin abu cikin gaggawa ba tun da na san shi. Na bi shi har Orozo na yi ta nanata masa: "Baba, lokacin da za a ba mu kaɗan ne. Ka ce jirgi, ka ce hanya, ka ce citta, shi ke nan." Ya ce, "Na ji, 'yata." Ashe jin nasa daban ne da nawa.

Ɗakin da aka shigar da mu sanyi kamar cikin firij. 'Yan kwamitin suna jere a dogon tebur, shugabansu Honorabul Abdulmajeed a tsakiya, mutum mai furfura kaɗan a gemu. A gefe wata ma'aikaciya mai suna Jessica tana riƙe da 'yar ƙararrawa irin ta makarantar firamare, in lokacin mutum ya cika sai ta kaɗa. Waɗanda suka riga mu masu kwat ne, sun zo da hotuna ana haskawa a bango, suna zuba Turanci kamar famfo ya fashe. Kowa ya gama kafin ƙararrawa, ya zauna yana gyara wuyan riga.

Aka kira mu. Baba Yamusa ya miƙe a hankali, ya cire hula, ya nemi izinin yin Hausa, aka ba shi. Sai ya dubi shugaba.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya yara? Ya muka ji da ruwan bana?"

Na ce a raina, to, shugaba ne, ya cancanta. Ai kuwa yana gamawa da shi sai ya juya ga na hannun damansa, ya ɗauko daga farko. Kuma ba ya wucewa sai an amsa masa. Wani ɗan kwamitin da bai iya Hausa sosai ba ya riƙa cewa "lafiya lau" yana dariya, Baba ya tambaye shi mutanen gida da gajiyar hanya. Na ja masa gefen babbar riga, ya janye abarsa. Silas ya yi tari har sau nawa, Baba ko a jikinsa. Yana kan mace ɗaya tilo da ke teburin, yana tambayarta ya maigida, ƙararrawa ta kaɗa.

Jessica ta ce, cikin ladabi, "Baba, an gode. Lokaci ya cika."

Ya waigo ya dube ni. "Lokacin me?"

"Lokacin maganarmu, Baba."

"Ai ban fara ba. Gaisuwa ma ana lissafa ta?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, ba ta mugunta ba, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shugaba ya dubi jerin mutanen da ke jira a bayanmu, ya yi alama a kira na gaba. Baba ya rusuna, ya mayar da hularsa, ya ce, "Allah ya taya riƙo," ya fita. Ko kalmar jirgi ba ta fito daga bakinmu ba.

A waje ban san lokacin da na fara ba. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, amma ranar na yi. Na ce, "Haba Baba, gaisuwa muka zo saya? Wata nawa Silas yana wahala, ka zo ka rabar da lokacinmu a kan ina gajiya. Yanzu me zan gaya wa Meshach? In ce masa iyalan 'yan majalisa suna lafiya?" Hawaye suka zubo mini, na ƙara jin haushi don ban so ya gani ba.

Baba ya juya abinsa. Ya nemi wani benci a bakin ƙofar ɗakin ya zauna, ya jingine sandarsa. Silas ya ce shi zai koma ofis kafin ogansa ya neme shi. Sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa fuska a murtuke. Na ce, "Baba, tashi mu nemi mota."

"Ba a yi mana rakiya ba," in ji shi.

"Wace rakiya?"

"Mun zo gidan mutum mun gaishe shi, ya amsa. Ai zai taka mana. A wajen rakiya ake faɗin abin da ya kawo mutum. Ke a gidanku daga shiga ake cewa a ba ni?"

Gaskiya haka ake yi a garinmu. Mai neman aron gona zai zo ya zauna, a sha kunu, a yi hirar damina, ya yi sallama, sai an rako shi bakin zaure zai ce af, ga abin da ke tafe da ni. Amma nan Abuja ce. Na ce, "Baba, a garin nan ko maƙwabcinka ba ya raka ka, balle ɗan majalisa. Mutanen nan sun manta da mu tun kafin mu rufe ƙofa." Ya ce to, in na gaji in tafi. Ina zan bar tsoho shi kaɗai a wannan ƙaton gini? Na zauna a can ƙarshen bencin, na juya masa baya.

Muka yi ta zama. Masu kwat suna fitowa suna wuce mu suna waya. Yunwa ta fara cina. Wayata ta yi ƙara, na ga Meshach ne, na ƙi ɗauka don ban da abin faɗa masa.

Da azahar ta yi aka buɗe ƙofa, 'yan kwamiti suka fito za su salla da cin abinci. Honorabul Abdulmajeed yana gaba, mutane sun kewaye shi kowa da takarda a hannu. Har ya gota mu, na ce a raina ka gani ko. Sai ya tsaya, ya waigo.

"Baba, har yanzu kuna nan?"

Baba Yamusa ya miƙe. "Ranka ya daɗe, mun gaisa, za mu koma."

Honorabul ya dube shi. Sannan ya miƙa wa wani na kusa da shi takardun da ke hannunsa, ya ce su jira shi. "To Baba, mu je in taka muku."

Daga ƙofar ginin zuwa bakin get tafiya ce mai nisa, ga rana. Jessica ta biyo mu a baya da lema. Na zaci yanzu Baba zai buɗe baki, ina, hirar masara ya kama, wai ta Orozo ba ta kai ta gida zaƙi ba. Shi kuma Honorabul yana biye masa, yana ba shi labarin gonar kakansa. Ni ina baya, ina ganin get yana matsowa. Sai da muka kusa masu gadi sannan Honorabul ya rage tafiya ya ce, "Baba, Allah dai ya sa lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Af, sai dai 'yar nan tana da wata 'yar magana."

Duk abin da na shirya ya gudu daga kaina, sai na faɗi wanda ke cikina. Na ce masa yallaɓai, jirginmu muke so a dawo mana da shi. Na gaya masa yadda doya ke kwana a mota a cikin taɓo har ta fara wari, da yadda mace mai naƙuda ke hawa babur zuwa asibiti. Na ce tashoshin da ke tsakanin garuruwanmu sun zama kango, samari sun watse, ƙanena ma yau da safe ya ce zai sayar da gonar ubanmu.

Ya tambaya, "Ƙarfen layin yana nan kuwa? Wurare da yawa an kwashe."

Na ce wajen gada ɓarayi sun taɓa, ba zan ɓoye masa ba. Amma daga tasharmu har garuruwan da ke maƙwabtaka da mu yana nan, don samarinmu suna gadinsa da kansu, ba wanda ke biyansu, kuma Meshach yana cikinsu.

Ya ce, "Madam, ba zan yi miki daɗin baki ba. Kuɗin bana ba zai ta da layin nan ba. Amma kwamiti zai fita rangadi da injiniyoyi kafin damina ta ƙare, su duba inda za a iya farawa. Zan tsaya a sa ɓangarenku, kuma mu sauka a Rafin Kanya mu gani da idonmu. In suka ce layin yana da rai, ina da abin da zan riƙe in yi faɗa a kasafi mai zuwa. Zai ɗauki lokaci, kuma ba ni kaɗai ke yankewa ba." Ya ce wa Jessica ta karɓi lambata. Ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce a gaida mutanen gida, ya juya da sauri don kada salla ta wuce shi.

A cikin motar Karu na ba Baba haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi. Ya ce ba komai, wai tun ina ƙarama bakina ya riga ƙafata fita. Na ce, "To da bai fito ba fa?" Ya ce, "Da sai mu dawo gobe mu sake gaishe shi." Na yi dariya har kwandasta ya waigo.

Ban jira mun sauka ba na kira Meshach. Na gaya masa komai yadda yake, ban ƙara gishiri ba: ba a ba da kuɗi ba, ba a yi alkawarin jirgi ba, amma za su zo.

"Har tasharmu?"

"Har tasharmu."

Ina jin kukan kaji a bayansa da muryar Iya tana tambaya wa ke waya. Can ya ce, "Ciyawa ta rufe layin daga tasha zuwa rafi. Sai mun nome kafin su zo, kada su ce babu."

Na ce, "Mai sayen gonar fa?"

"Ya jira. In bai iya jira, ya nemi wata." Ya ɗan yi gyaran murya, irin ta mai jin kunya. "Yaya, ki tambayi Baba Yamusa ko ya san mai irin citta na kirki. Nawa duk na sayar tun watan jiya, ban gaya wa Iya ba. Ban zaci zan sake shuka ba."