Gwajin Watan Agusta

A sauna, ɗakin wankan tururi, aka koya wa Sampsa dabarar, shekararsa ta farko a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinsu. Raimo ne, wani tsohon ɗan baya mai wawulo, ya watsa ruwa a kan duwatsun zafin da ke ba da tururi ya ce, "Kai yaro, gobe likita za ta gwada ƙwaƙwalwarka. Kada ka je kana nuna mata kai haziƙi ne. Yi nawa, ka mance kalma ɗaya ko biyu. Ran da aka kwaɗa kanka da katanga, da sakamakon gobe za a auna ka. In tun yanzu dolo ne kai, wa zai gane ƙwaƙwalwarka ta taɓu?"

Aka bushe da dariya, Sampsa kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu. Duk Agusta kafin a buɗe kakar wasa sai ya zauna gaban kwamfutar likita ya yi wautar ganganci. Ya yi ta a Suwidin, ya yi ta a wata ƙaramar ƙungiya a Amurka inda aka daɗe ana yi masa alkawarin kai shi babbar ƙungiya, har ya tattaro ya dawo gida Finland da gwiwa mai ƙara. Yanzu shekarunsa talatin da huɗu, kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen kaka, kuma ban da sanda da takalmin ƙanƙara bai iya komai ba. Abin yana ba shi tsoro ƙwarai.

A Janairu ana cikin wasa wani ƙato ya zo masa ta baya ya haɗa shi da katanga. Bai tuna faɗuwar ba. Ya kwana biyu a ɗaki labule a sake, don ko hasken firji sukar idonsa yake yi.

Koci ya bugo waya. "Ya kan? Asabar ina son ka a fili. In ba hali, ga Eetu nan yana ta zumuɗi." Eetu bai cika ashirin ba, ƙafafunsa sababbi ful.

"Ba ka warke ba," in ji matarsa Henriikka. "Jiya takalminka na tsinta a tanda."

"To ai ya bushe," ya ce. Ba ta yi dariya ba.

Ranar da likita za ta sake gwada shi Henriikka tana wurin aiki, sai ya tafi da 'yarsu Vilma, mai shekara biyar. Ya zaunar da ita a benci bayan ɗakin sa kaya, ya ba ta burodin kirfa, ya cire mata safar hannu ya cusa a aljihunsa. "Kada ki motsa, 'yar Baba. Yanzu zan fito."

Wannan karon ya yi iya ƙoƙarinsa. Kalmomin suna sulɓe masa, zufa tana bin bayansa, amai yana taso masa yana haɗiyewa. Likita Outi ta daɗe tana kallon allon, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka ma ɗan fi na Agusta. Ciwon kai fa?"

"Ko kaɗan."

"To, Asabar ka shiga."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya fita ta ƙofar baya, ya kankare ƙanƙara daga gilashin mota, ya ja sai gida yana fito. A bakin ƙofa ya tarar da Henriikka ta dawo, tana karkaɗe ƙanƙara daga takalminta.

"Na ci!" ya ce. "Wai har na fi da."

Ta leƙa bayansa, ta leƙa kujerar bayan mota.

"Sampsa, ina Vilma?"

Ya tsaya yana kallonta. Ya sa hannu a aljihu neman makulli, sai ya zaro 'yar jar safar hannu. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ba tare kuka fita ba?" ya ce.